Kufai da Ganuwa: Wuraren Tarihi a Kewayen Jabo da Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

A daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da sojojin Amurka suka kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami sun faɗa cikin wata gona a gefen garin Jabo. Kafin gari ya waye sunan Jabo ya shiga gidajen rediyo da jaridun duniya, mutanen da ba su taɓa jin garin ba suka shiga neman sa a taswira. Abin lura shi ne, cikin dukkan waɗannan labarai an kwatanta garin ne a matsayin wani ƙauye kawai na Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Ba a tsaya an tambayi dalilin da ya sa ake kiran mai sarautar garin Sarkin Burmi ba, balle a san cewa cikin tafiyar yini guda daga nan mutum zai iya taka ƙasar da aka yi manyan al'amuran da suka sauya tarihin ƙasar Hausa baki ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi abin da ya auku a kowane, sa'annan ta nuna yadda labarinsu ya sarƙe da juna. Hujjar da za a kafa ita ce, wuraren tarihin wannan yanki littafi ɗaya ne wanda aka yayyaga shafukansa: wasu an adana su ana ziyara, wasu an bar su ga ruwan sama da garma. Wanda ya karanta shafin da aka adana kaɗai, to rabin labari ya sani.

2.0 Mene ne Wurin Tarihi?

Kafin a shiga zagaye, ya kamata a daidaita ma'ana. Da yawa daga cikin ɗalibanmu sun ɗauka wurin tarihi shi ne dogon gini na dutse mai ƙofa da mai gadi, irin wanda suke gani a hotunan Turai. Wannan fahimta ba ta cika ba, ko a can Turan. Alal misali, a gefen kogin Tems na Ingila, kusa da garin Winza, akwai wata fadama da ake kira Ranimid. A nan ne a shekarar 1215 manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki Jon ya amince da takardar nan ta Magna Kata wadda ta iyakance ikon sarki. Babu fada a wurin, babu ganuwa. Ciyawa ce da ruwa. Ginin tunawa da ke wurin ma sai a 1957 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta yi shi. Duk da haka, wanda ya sauka a garuruwan da ke bakin kogin, wannan fili yana cikin abin da za a fara nuna masa. Abin da ya mayar da fadamar wurin ziyara shi ne sanin abin da aka yi a cikinta, da kuma hukumar da ta ɗauki nauyin tsaron ta. Ingilishi sun yi dokarsu ta farko ta kare tsofaffin wurare a 1882, suka kafa babbar ƙungiyarsu ta adana filaye da gine-gine a 1895.

Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin da suka rarrabe irin waɗannan wurare ba. Akwai kufai, wato inda gari ya taɓa zama aka tashi. Akwai ganuwa da gwalalonta. Akwai hubbare, makwancin wani babban malami ko shugaba. Akwai ribaɗi, garin da aka kafa a bakin iyaka domin tsaro. Akwai fagen fama, da zango, da mashaya, da marina. Mafi yawan waɗannan da ƙasa aka yi su, ko kuma ba a gina kome ba sam. Saboda haka abin da ke riƙe da su shi ne suna, da sarauta, da bakin dattawa, da rubutun malamai. Da wannan ma'auni za a auna wuraren da ke tafe.

3.0 Shimfiɗar Ƙasar

Yankin da ake magana a kai yana kudu maso yammacin Sakkwato, tsakanin gulabe biyu. Daga arewa da yamma akwai Gulbin Kabi, wanda ya biyo ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kabi. Daga kudu akwai Gulbin Zamfara, wanda ya ratso ta Anka da Gummi da ƙasar Kebbe ya wuce Jega, inda ake kiran sa Gulbin Gindi, kafin ya haɗu da na Kabi. Babbar hanyar mota da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Dogon Daji da Tambuwal da Aliero zuwa Jega ita ce ƙashin bayan yankin. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita ɗari ne.

Wannan shimfiɗa ita ce ta tsara tarihin wurin. Fadamun gulaben sun jawo manoma da masunta da makiyaya, tudun da ke tsakani kuwa ya zama mahaɗar dauloli: Kabi daga yamma, Zamfara daga gabas, Gobir daga arewa. Ƙasar da ke tsakanin manyan sarakuna uku ba ta cika samun hutu ba, shi ya sa garuruwanta suka zama masu ganuwa. A yau kuma iyakokin mulki sun sake raba ta uku. Ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 ya fitar da Gwandu da Jega da Argungu, ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya fitar da Gummi da Bakura, aka bar Jabo da Tambuwal da Kebbe a kusurwar kudancin Jihar Sakkwato. Ya kamata kuma mai nazari ya kiyaye kada ya gauraya garin Kebbe na wannan yanki da daular Kabi, domin rubutun Turawa ya sa sunayen biyu sun yi kama da juna a takarda.

4.0 Wuraren da Labarinsu

4.1 Surame da Sarautar Burmi

Shafi mafi tsufa shi ne na kafin jihadi. Wajen 1516 Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Sanwai, ya kafa daular Kabi, ya gina babban birninsa a Surame. Kufan Surame yana arewa da yankinmu, cikin ƙasar Binji da Silame, kuma ya bambanta da sauran biranen Hausa domin an yi amfani da duwatsu wajen gina ganuwarsa, shi ya sa har yanzu ana iya bin sawunta da ƙafa. Kabawa sun bar birnin a farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kabi. An sanya Surame cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su.

A Jabo kuwa, babbar shaidar wancan zamani tana cikin sunan sarauta. Ana kiran mai garin Sarkin Burmin Jabo, kamar yadda ake da Sarkin Burmin Bakura da na Tureta da na Moriki. Sarkin Burmi na nufin shugaban Burmawa, wata al'umma da ta daɗe a ƙasar Zamfara da makwabtanta. Wannan tsari na laƙaba wa sarki sunan jama'arsa ko ƙasar asalinsa maimakon garin da yake zaune sanannen abu ne a nan yamma: akwai Sarkin Kabin Yabo, da Sarkin Mafaran Gummi, da Sarkin Zamfaran Anka, da Sarkin Gobir na Gwadabawa da na Isa. Idan aka zana waɗannan sarautu a taswira, za a ga hanyoyin ƙaura da rabon iko waɗanda babu wani gini da ya rage yana nuna su. Sarauta ke nan ta zama kufai mai numfashi. A nan ma akwai tarko ga ɗalibi: wannan Burmi ba ita ce Burmin ƙasar Gombe ba, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yuli na 1903.

4.2 Gimbana

Idan aka bi Gulbin Zamfara yamma daga Kebbe zuwa ƙasar Jega, za a iske Gimbana. Ƙaramin wuri ne, amma daga nan wutar ta tashi. Malam Abdussalami, Ba'are ne daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa a zamanin Sarki Nafata ya zauna a Gimbana. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yunfa ya aiko da runduna ta ci garin, ta kama mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan shi ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara.

Kowane ɗan makaranta ya san Gudu da Tafkin Kwatto, amma kaɗan ne za su iya nuna Gimbana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami ya saɓa da Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a Bakura a farkon 1818 daga raunin da ya samu. Bello ya rubuta littafinsa Sardul Kalami yana bayyana yadda saɓanin ya faru, har ya kawo wasiƙun da suka yi musaya. Ke nan shugaban da ya yi nasara bai ɓoye maganar abokin hamayyarsa ba, mu na baya ne muka ga ya fi sauƙi mu tsallake shafin.

4.3 Gwandu da Alwasa

Bayan asarar da jama'a suka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, da zaman yunwa a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara, rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi a watan Afrilu na 1805. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usmanu Masa. Wannan nasara ce ta ba Shehu damar komawa Gwandu, wadda ke arewa da Tambuwal. A ƙarshen wannan shekara Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗu, Usmanu Masa ya juya baya, aka gamu a Alwasa. An karya rundunar jama'a, aka kashe mutane masu yawa, abokan gaba suka biyo su har Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa. Da ƙyar aka mayar da su. Bayan wannan ne aka kewaye garin.

Abin da ya sa Alwasa ta cancanci ziyara ya wuce yaƙin kansa. Bello da Abdullahi duka sun rubuta cewa kafin a gamu, wasu daga cikin mayaƙan jama'a sun washe wani gari da ke cikin amana, shugabanni suka hana aka ƙi ji. Sun ɗauki karayar a matsayin sakamakon wannan. Ɓacin ran da Abdullahi ya yi da irin wannan hali na son ganima shi ne ya sa daga baya ya bar jama'a ya nufi gabas, har ya tsaya a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami. Littafinsa Tazyinul Waraƙati na 1813 da Infaƙul Maisuri na Bello na 1812 su ne manyan madogara a kan wannan zamani. Alwasa fili ne kamar Ranimid, kuma darasin da ke cikinsa na iyakar iko ne da amanar shugabanci. Bambancin shi ne can an kafa alama.

A Gwandu Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijira a 1806. A nan kuma hubbaren Abdullahi yake. Har ila yau a nan ne a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya samu kwafin Tarihus Sudan na Timbuktu ya kwafi sassansa. Wato littafin da ya ba da labarin ɓallewar Kanta daga Sanwai, ta hannun malaman Gwandu ya fara isa Turai.

4.4 Sifawa da Boɗinga

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Bayan haka Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya tashi daga Gwandu ya zauna a Sifawa, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A Sifawa ne a 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Shi kuwa ya koma ga karantarwa da wallafa. Littattafansa irin su Sirajul Ikhwani da Najmul Ikhwani da Ta'alimul Ikhwani na wannan zamani ne. Ya zauna a nan har 1815 sa'ad da ya koma Sakkwato. Masallacin Shehu da gurbin gidansa suna cikin abin da ake ziyarta a Sifawa.

Ga ɗalibin adabi, Sifawa makaranta ce kafin ta zama fada. A irin wannan zaure ne aka riƙa mayar da ilmin da ke cikin Larabci zuwa waƙoƙin Fulatanci da Hausa domin wanda bai yi zurfi a karatu ba, aikin da Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ci gaba da shi ta hanyar jajoji da 'yan taru. Wanda ke son fahimtar asalin rubutacciyar waƙar Hausa ta ƙarni na 19 ya kamata ya ga wurin da idonsa, ya ga kusancinsa da Boɗinga, ya gane cewa malaman da yake karanta sunayensu makwabtan juna ne.

4.5 Tambuwal da Dogon Daji

Cin Birnin Kabi bai kawo ƙarshen Kabawa ba. Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826, ƙanensa Karari ya ɗora daga Argungu har 1831. Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu ta zama wajibi a tsare ta, kuma siyasar Bello a kan haka ita ce kafa ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, a sa wani daga cikin zuriyar Shehu ko manyan jama'a, a zaunar da makiyaya da manoma da masu sana'a. Shi kansa ya zauna a ribaɗinsa na Wurno inda ya rasu a 1837. Ta wannan fuska ya kamata a dubi Tambuwal, wadda ta zama mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, mayaƙi kuma mawaƙi cikin Larabci. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Tambuwal da ta Dogon Daji.

Gidan Buhari ya daɗe bai hau gadon Sarkin Musulmi ba. Sai a 1988 aka naɗa Ibrahim Dasuƙi, wanda aka haifa a Dogon Daji a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru, ya zama na farko daga wannan gida. Gwamnatin soja ta sauke shi a 1996, ya rasu a 2016. Ke nan wanda ya tsaya a ƙofar gidan sarautar Dogon Daji yana kallon zare ɗaya da ya taso daga rabon ribaɗi na farkon ƙarni na 19 har zuwa rikicin sarauta na ƙarshen ƙarni na 20.

4.6 Jega da Argungu

Akwai Buhari na biyu wanda bai kamata a gauraya shi da na Tambuwal ba, wato Buhari ɗan Abdussalami. Bayan faɗuwar Kware, ragowar jama'ar mahaifinsa sun taru a Kalambaina kusa da Gwandu. Wajen 1820 Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi gudummawa aka ci garin, kuma a nan ne manyan biyu suka daidaita bayan sanyin da ya shiga tsakaninsu a kan gadon Shehu. Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a ga Gwandu, ya kafa Jega a bakin gulbi, kusa da Gimbanar mahaifinsa. Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, mahaɗar fataken goro na Gwanja da na gishiri da tufafi da dawaki. Ɗan wanda aka kira ɗan tawaye ya zama mai tsaron iyaka, garinsa kuma ya zama kasuwar kowa.

Kabawa kuwa sun sake tashi a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka tsayar da mulkinsu a Argungu. An kashe Sarkin Gwandu Haliru a yaƙi da su a 1860. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, ya yi 'yan shekaru ya warware, aka koma gidan jiya a zamanin Sama'ila wanda ya hau a 1883. Duk tsawon wannan lokaci garuruwan da ke tsakanin gulaben nan biyu su ne a bakin daga. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce ta zama alamar rufe wannan gaba, kuma daga kamun kifin da aka shirya masa ne bikin su na Argungu ya samu siffarsa ta yanzu. UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tsohuwar fadar garin ta zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, inda ake ajiye da makamai da tambura da kayan su.

4.7 Shagari da Satiru

Shafi na ƙarshe na zuwan Turawa ne. A watan Maris na 1903 rundunar Ingilishi da ta taso daga Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Argungu a Shagari, daga nan suka nufi Sakkwato suka ci ta ranar 15 ga wata. Wannan gari shi ne mahaifar Shehu Shagari, malamin makarantar da ya tsara Waƙar Nijeriya domin koyar da labarin ƙasa, ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, aka binne shi a can a 2018.

Satiru kuwa, kudu da Sakkwato, kufai ce. A watan Fabrairu na 1906 talakawa da bayi gudaddu da suka taru a wurin ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho suka karya wata rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A watan Maris aka dawo da bindigogi masu aman wuta tare da dakarun sarauta, aka kashe mutane wajen dubu biyu, aka rushe garin, aka haramta sake zama a cikinsa. Girgizar ta kai har Gwandu inda aka tuɓe sarkin garin. Satiru ba ta da gidan sarautar da zai riƙe labarinta, ba ta da hubbaren da ake kai wa ziyara. Wannan rashin ne ya sa nauyinta ya faɗo kan masana.

5.0 Abin da ke Barazana

Daga wannan zagaye za a ga cewa wuraren sun kasu gida biyu. Akwai masu uwa a gindin murhu, wato waɗanda wata sarauta ko zuriya ko hukuma ke tsaye a kansu, kamar Sifawa da hubbaren Gwandu da fadar Argungu. Akwai kuma marayu, irin su Gimbana da Alwasa da Kalambaina da Satiru, da ganuwoyin ƙananan garuruwa. Marayun nan kusan duk wuraren karaya ne, ko na saɓani, ko na waɗanda aka ci da yaƙi. Idan suka ɓace, tarihin da zai rage shi ne na nasara zalla, alhali su kansu shugabannin jihadi ba haka suka rubuta shi ba.

Abubuwan da ke cin su sanannu ne. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kowace shekara, ganuwar da aka daina yi wa gayya kuwa damina ce ke gadonta. Masu gini suna ɗibar ƙasarta, manoma suna cike gwalalo su shuka gero, garuruwa suna faɗaɗa a kanta. Wani lokaci ma ƙauna ce ke yin ɓarnar: a rushe tsohon masallaci a gina na siminti da niyyar girmamawa, ba tare da an auna na farkon ko an ɗauki hotonsa ba. Daɗin daɗawa, rashin tsaron da ya addabi Zamfara da sassan Sakkwato da Kabi tun daga shekarun 2010 ya tayar da ƙauyuka, ya sa malamai suna jin tsoron fita da ɗalibai. Duk ƙauyen da ya watse, dattawansa sun watse da sunayen gonaki da tafkuna da mashayu waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba.

Doka kam akwai ta. An yi dokar kayayyakin tarihi a 1953, aka maye gurbinta da doka ta 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu mai ɗimbin rubuce-rubuce. To amma doka tana kare abin da aka rubuta sunansa ne aka shata iyakarsa, kuma rabuwar yankin tsakanin jihohi uku ta sa babu hukuma ɗaya da ke kallon sa a dunƙule.

6.0 Kammalawa

Aikin da ke gaba bai fi ƙarfin sassan Hausa da na tarihi na jami'o'i da kwalejojin ilmi da ke Sakkwato da Birnin Kabi da Argungu da Gusau ba. Na farko, a ba ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa aikin tattara sunayen unguwanni da ƙofofi da gonaki da tafkuna, da jerin sarakuna, da kirarin kowace sarauta, a rubuta su da Sakkwatancin da aka faɗe su, kada a gyara su zuwa daidaitacciyar Hausa, domin sau da yawa asalin suna yana ɓoye ne cikin lafazinsa. Na biyu, a auna ragowar ganuwoyi a ɗauki hotonsu, wayar hannu ma ta isa ta nuna daidai inda wuri yake a taswira. Na uku, a gwama abin da aka ji daga baki da abin da ke cikin littattafan Bello da Abdullahi da Waziri Giɗaɗo da Waziri Junaidu, da rahotannin Turawa da ke ma'ajiyar Kaduna, a nuna inda suka dace da inda suka saɓa. Na huɗu, a nemi haɗin kan sarakuna a kafa allo da Hausar boko da ajami a kowane wuri, har da wuraren karaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar jiran baƙo daga waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin makarantar sakandare a Jabo wanda ya ɗauki ajinsa ya zaunar da su gaban wani dattijo, suka rubuta dalilin da ya sa ake ce wa sarkinsu Sarkin Burmi, ya fara aikin. Idan an yi haka, ran da duniya ta sake neman Jabo a taswira, za ta tarar da abin karantawa wanda mutanen garin suka rubuta da kansu.